Rasuwar Mai Huci, Wadda Aka Kashe da Rana Tsaka

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, da kuma goshi mai ƙulu, Direban Tanka, a madadin kansa da iyalinsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da ba su daɗe da fara samun barci ba, rasuwar abokiyar kwanansa, na'urar taimakon numfashi wadda aka fi sani da Mai Huci. Ba jinya ta yi ba, ba kuma wutar lantarki ce ta ƙone ta ba. Kashe ta aka yi da rana tsaka, a gindin durowar gefen gado, tana bakin aikinta. Wadda ta kashe ta tana cikin gidan har yanzu, ana ma kai mata shayi da safe, domin ita ta haifi mai wannan sanarwa.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a lokacin da Direba ke mutuwa kaɗan-kaɗan bai sani ba. Duk wanda ya taɓa yada zango kusa da shi ya san munsharinsa, har direbobi kan matsar da motocinsu in sun ga ya faka. Amma munsharin mai sauƙi ne. Yana cikin ja sai maƙogwaro ya rufe, numfashi ya ɗauke ɗif, ƙirji ya yi ta kokawa shi kaɗai, sannan ya zabura yana shure-shure kamar wanda aka danna wa kai cikin ruwa. Ya tashi da safe kai na sara, baki a bushe, ya hau mota cike da mai yana gyangyaɗi. Wata rana ya buɗe ido ya tarar tayar gaba tana cin ƙarfen gada. Likita ya kwantar da shi, ya liƙa masa wayoyi a jiki, da gari ya waye ya gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa ko dai ya riƙa kwana da inji, ko kuma wata safiya a tashe shi ya ƙi tashi.

Ba za a yi wa mamaciya ƙarya ba, ba a fara zaman da soyayya ba. Ranar da aka kawo ta, aka fito da 'yar akwati, da doguwar mesa, da abin da za a ɗaura masa a hanci, ya tambayi sunan abin aka ce takunkumi. Ya ce shi ba jaki ba ne. Matarsa ta ce jaki ba ya hana unguwa barci, ta ɗaure masa shi tamau ta danna maɓalli. Marigayiyar ta yi maganarta ta farko a gidan, fuuuu, ta antaya masa iska har ƙwaƙwalwa. Ya buɗe baki zai zage ta, iskar ta fito ta bakin ta tafi da zagin. Ya fizge takunkumin ya maka shi da bango.

Daga nan aka shiga yaƙi, kuma kowa ya ji jiki. Ta yanke masa karan hanci, ya murɗe mata wuya. Ta hura masa ido har ya wayi gari da shi jajir, ya kai mata naushi cikin barci ya samu ƙarfen gado, yatsansa ya kumbura. Ta cika masa ciki da iska har ya yini yana gyatsa, da wani abin da girman wannan sanarwa ya hana a ambata. Mesar ta naɗe masa wuya, ya gantsara mata cizo, shaidar haƙoransa na nan a jikinta har yau. Ya taɓa haure ta daga kan durowa, ruwan cikinta ya malale a kan katifa, ta ci gaba da huci a ƙasa. Matarsa ce ta tsince ta, ta goge ta da gefen zani, ta ce, "Maigida, sake jefa ta ka gani. Wallahi da igiyar shanya zan ɗaure ku tare."

Sulhu ya zo ne a hankali, ba wanda ya ba wani haƙuri. Aka sassauta maɗaurin, aka rataye mesar a ƙusa saman gado. Shi kuma ya gane cewa in ya daina ture numfashinta, ita ma ba ta ture nasa. Wata safiya ya farka ya zauna a bakin gado yana kallon bango, matarsa ta tambaye shi lafiya, ya ce mafarki ya yi. Ya manta rabon da ya yi barcin da ya kai ga mafarki. Shirme ne ma, wai yana tuƙa tanka a cikin falo yana neman wurin juyawa, amma ƙaton mutumin nan sai da ya share hawaye. Daga ranar ya so ta, so na gaskiya, ba ya kuma jin kunyar faɗa. Ya saya mata jaka. In zai yi doguwar tafiya a kujerar gefensa take zama, a naɗe cikin tawul, har bel yake ɗaura mata.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Ba ta taɓa neman komai ba sai ruwa mai tsabta da soket. Ba ta taɓa kai ƙararsa wurin likita ba, duk da cizon. Maganarta ba ta wuce biyu, fuuu in zai shaƙa, haaa in zai fitar, kuma da su ta riƙe ran magidanci ta mayar da matarsa ɗaki daga kujerar falo. Maƙwabcin da suka haɗa bango ya shaida cewa tun zuwanta ya daina shan maganin hawan jini.

Ajalinta ya biyo ta wayar tarho ne. Tsohuwa, mahaifiyar Direba, tana zaune a wani gari mai nisa, kunnenta ɗaya ya yi nauyi, ta kira surukarta tana tambayar jikin ɗanta. Matar Direba kuwa murna ta cika ta, ta ɗaga murya don a ji ta sosai.

"Mama, ai yanzu iska ce ke riƙe da shi! Kullum da ita yake kwana."

"Iska?" in ji Tsohuwa.

"Iska, Mama. Ta mesa take biyowa ta shige masa hanci har gari ya waye. Da farko ya yi ta faɗa da ita, har cizo, amma yanzu ya sallama. Ko munshari ya daina."

Matar tana nufin iskar da ake shaƙa da mesar roba. Tsohuwa kuwa iska ɗaya ta sani mai shiga mutum ta canza masa hali, mesa ɗaya ta sani mai naɗe mutum. Ga shi an ce ɗan da ta sani da munshari tun yana goye ya yi tsit, kuma matarsa tana ba da labarin tana dariya. Ta kashe wayar. Washegari ta hau mota ba ta gaya wa kowa ba.

Ta iso bayan azahar. Direba ya dawo daga tafiya yana ramuwar barci, matarsa tana bayan gida tana shanya. Tsohuwa ta tura ƙofar ɗaki da sandarta, ta ga ɗanta a miƙe, shiru, wani abu ya kama masa fuska, doguwar aba ta sauko daga bango ta shige hancinsa, a gefe kuma wata 'yar baƙar halitta mai koren ido ɗaya tana huci. Tsohuwar da ake kamawa kafin ta hau matakala ta tsallaka ɗakin nan da tsalle ɗaya.

Bugun farko a kan mesar ya sauka, na biyu a goshin Direba, domin Tsohuwa ba ta saiti. Ta damƙi mesar da hannu biyu ta fizga, takunkumin ya ja kansa ya ɗago ya sake shi, maɗaurin ya tsinke ya zabge shi a kunne. Marigayiyar ta faɗo ƙasa tana huci da ƙarfi, fuuuuuu, tana neman hancin da aka raba ta da shi, mesar tana wutsil-wutsil a kan tayil. Tsohuwa ta taka ta da ƙafa tana addu'a da ƙarfi, ta shiga rafka wa akwatin sanda. Sandar ta karye. Ta waiga ta ga dutsen guga a kan tebur.

"Mama! Mama, tsaya, inji ne!" Direba ya faɗo daga gado yana rarrafe.

"Yi mini shiru, ba kai ke magana ba, ita ce!"

"Wallahi ni ne! Likita ne ya ba ni! In babu ita ba na numfashi!"

"Kun ji ko? Har ta sa shi yana kare ta. Fita daga jikin ɗana, 'yar banza!"

Ya kai hannu zai janye marigayiyar, dutsen guga ya samu yatsunsa. Dutsen ya sauka a kanta, murfinta ya tsage. Ya sake sauka, tankin ruwanta ya fashe, ruwan ɗumi ya fantsama har labule. A saukar da ta biyo baya koren idon ya yi ja. Matar Direba ta shigo da gudu da jiƙaƙƙen zani a hannu, santsi ya kwashe ta, ta tafi da fanka. Marigayiyar ta ce tii, tii, tii, ta saki wani ɗan siririn huci, fsss, ta yi shiru. Tsohuwa ta ƙara mata ɗaya don tabbatarwa, sannan ta zauna a bakin gado tana haki, ta ce a ba ta ruwa.

An garzaya da ita wurin mai gyaran kayan lantarki a cikin kwali. Ya buɗe, ya girgiza ta, wani abu ya yi ƙaras-ƙaras a ciki. Ya tambaya ko tankar ce ta bi ta kanta. Direba ya ce a'a, tsautsayi ne na cikin gida. Mai gyara ya rufe kwalin da hannu biyu ya miƙo masa, ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Ta rasu ta bar mesa ɗaya mai raunuka, tsohon cizo da sabon taku, da takunkumi wanda ya rasa maɗaurinsa, da wayar wuta wadda ba ta ji ko ƙwarzane ba domin tana bayan durowa lokacin da abin ya faru. Ta bar jaka da tawul. Ta bar tanka a fake, domin mai ita ya rantse ba zai hau titi da idon da bai yi barci ba. Ta bar Direba, wanda likita ya ce ya jira a samo wata na'urar, ba yau ba, ba gobe ba, kuma kafin nan ya kwana a zaune. Yana jin tsoron barci yanzu, tsoro irin wanda bai sani ba a da, domin a da bai san abin da ke faruwa da shi ba in ya rufe ido.

Iyalan mamaciyar sun yafe wa wadda ta kashe ta, don ba su da yadda za su yi. An yi mata bayani da baki, an zana mata a takarda, ta ce ita dai ta san abin da ta gani. Sai da yamma ta yi, Direba yana kujera an ɗaure masa yatsu, gyangyaɗi ya sace shi. Munsharin ya dawo, Tsohuwa ta yi murmushi ta dubi surukarta ta ce, "Kin ji ɗana." Sai numfashin ya ɗauke. Ƙirjin ya shiga fizga, leɓensa ya fara duhu, ƙafarsa tana karkarwa, ba abin da ke shiga. Murmushin ya bar fuskarta. Ta kira shi bai amsa ba, ta girgiza shi, har sai da ya zabura da wani irin gurnani yana kama iska da hannu. Ta daɗe tana kallon kwalin da ke ƙarƙashin tebur.

"'Yar nan," ta ce da ƙaramar murya, "wannan aikin take yi?"

"Shi take yi, Mama."

Za a yi jana'izar marigayiyar gobe da hantsi a shagon mai gyara, inda za a cire abin da zai amfani 'yan uwanta masu rai, a sa sauran a kwandon bayan shago. Direba ne zai ɗauki kwalin da hannunsa mai lafiya. Ana karɓar gaisuwa a falo, kuma ana roƙon masu zuwa kada su shigo da sanda, kada kuma kowa ya ambaci kalmar iska sai ya faɗi wacce yake nufi. Wanda ya tarar da mai makoki ya yi barci a kujera, kada ya tashe shi. Zai ga wata tsohuwa a gefensa ta wanke mesar nan ta liƙe raunukanta, ta kafa masa takunkumin a hanci da tafin hannunta, ɗaya bakin kuma yana bakinta tana hurawa. An gaya mata ba ya yi, likita ma ya gaya mata. A gaishe ta a wuce, ba za ta iya amsawa ba.