Sil Ɗin da Na Sa wa Motar Baba

Ko da wata rana zan manta lambar jarrabawata, ba na jin zan manta da ranar da aka rantsar da Baffa Sule, ƙanen Babanmu, a matsayin kansila. Lokacin ne sojoji ke tattara komatsansu za su koma bariki, kowane gida a Gyaɗi-Gyaɗi ya wayi gari da ɗan siyasa. Mu namu har ya ci zaɓe.

Baba ya yi alkawarin shi zai kai ƙanensa sakatariyar Tarauni a motarsa. Motar nan ta girme ni (ina zargin ta girmi Baffan ma), kuma duk inda ta tsaya sai ta bar shaida: baƙin mai take zubarwa ta ƙasa. Baba yana da al'ada, kullum da yamma zai shimfiɗa mata kwali a ƙarƙashin inji, da safe ya zaro ya duba kamar likita yana karanta hoton ƙirji.

Oga Yohanna, bakanikensa ɗan Kafanchan, ya leƙa ya ce sil ɗin karanshaf na gaba ne ya mutu, wato zoben robar da ke hana mai fita ta bakin sandar da ke juya inji. Amma garejinsa cike yake da motocin 'yan siyasa, sai bayan sati ɗaya. Rantsarwa kuwa saura kwana huɗu.

Nan bakina ya janyo mini. Na ce, "Baba, wannan ai ƙaramin aiki ne. Mun yi shi a makaranta."

(Mun yi shi, gaskiya ne. A allo. Malam ya zana, mu muka kwafa.)

Baba ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "To, Injiniya, Allah ya ba da sa'a."

Na aro sifanu, na kwance fambel, wato bel ɗin fanka, na yi kokawa da fuli, faifan ƙarfen da bel ɗin ke hawa, har ya fita, na ƙwaƙulo tsohon sil da sukudireba na jefar ban ko kalli yadda yake zaune ba. Da na ɗauko sabon da aka sayo sai na ga fuska biyu gare shi. Ɗaya shafe, ɗaya kuma da ɗan siririn sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya mai ƙyalli, a zagaye. Na yi nazari irin na manya, na ce abu mai kyau haka ba a yi shi don a ɓoye ba. Na juyo shi waje, na doka da guduma.

Muka zaga unguwa muka dawo. Washegari na riga Baba fita, na zaro kwalin, na tarar da shi kamar an soya ƙosai a kai. Mai hankali da ya je ya faɗa. Ni sai na cusa kwalin a bayan randa, na goge ƙasan inji da tsumma, na shimfiɗa sabo. Kwana uku ina haka. Mai shagon bakin layi har ya tambaye ni ko sana'ar kwali na fara. Baba kuwa ya ɗauki farin kwalin nan ya kai majalisarsu yana nunawa.

Ranar rantsarwa Baffa ya fito cikin farar shadda da ta sha bugu, yana taku kamar shi aka miƙa wa ƙasar. Muka kama hanya, ni a baya. Ba mu kai Daurawa ba ƙauri ya cika motar, jar fitilar mai ta kawo. Baba ya gangara gefe ya buɗe bonet.

Baffa, wanda tun da ya ci zaɓe ya zama masanin komai, ya ce, "Yaya, bari in gani. Kai, Injiniya, taka mata wuta."

Na shiga na taka, har ƙasa, don ni ba na yin abu rabi. Fulin ya kwaso man, fanka ta raba shi daidai wa daida. Da Baffa ya ɗago, daga hula har ciki ya koma zabuwa.

Ya dubi agogo kawai ya ce, "Saura minti ashirin."

Baba ya cire babbar rigarsa a bakin titi ya ba shi, ya tare masa ɗan acaɓa. Haka kansila ya tafi karɓar mulki, riga na jan ƙasa don Baba ya fi shi tsawo. Baba ya tsaya daga shi sai 'yar ciki, ya aika a kira Oga Yohanna.

Kafin ya iso mutane sun taru, har da mai rake. Oga Yohanna ya kwance fulin, ya leƙa, ya ciro sil ɗin ya ɗaga sama yadda na baya ma za su gani.

"Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin?"

Baba ya nuna ni da haɓa.

"Injiniya, sifirin ɗin nan ciki yake kallo, wajen mai. Kai ka juyo shi yana kallon titi. Me kake so ya gani?"

Mai rake ya yi dariya har da riƙe baro.

Baba ya ce, "Amma Yohanna, kwana uku kwalin nan fari tas."

"Alhaji, motar nan ba ta iya share ƙasa ba. Sai dai in akwai mai share mata."

Duk suka juyo. Na duƙa ina gyara igiyar takalmi (silifas ne a ƙafata).

Baba bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Hoton rantsarwar ya sa aka faɗaɗa aka rataye a falo: ga Baffa riƙe da Alƙur'ani cikin rigar yayansa, hannun rigar ya haɗiye nasa. Duk baƙon da ya tambayi ina Alhaji a hoton, sai Baba ya ƙwala mini kira, "Zo ka yi musu bayani."

Na yi bayanin nan har na haddace. Abin da na koya shi ne, mutum kana iya yi masa ƙarya ya yarda don yana son ka. Inji kuwa bai haɗa komai da kai ba, kuma ba ya tona asiri sai ya ga jama'a.