Rasuwar Goggo Tsena, Mai Raba Tambayoyi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan gurbin da na ware wa haushi, ni Farfesa Velichka Tasheva ta sashen ginin gadoji nake sanar da 'yan'uwana malamai, da ɗalibai na da da na yanzu, da hukumar jami'a in har tana karanta abin da ba ta waya ya zo ba, rasuwar abokiyar aikina Goggo Tsena, injin zaɓar tambayoyin jarrabawa. Ta cika ranar Talata da hantsi a aji na sha huɗu, tana bakin aiki, a gaban shaidu. Allah ya gafarta mata, ya sa ƙasa ta yi mata sauƙi.

Marigayiya ta faro rayuwa ne a matsayin injin wanki a gidan marigayi Farfesa Stoil Benchev, inda ta wanke riguna har ƙarfinta ya ja baya. Da matarsa ta ce a fitar da ita waje, sai ya cire gangar cikinta ya ɗora a kan katako, ya zuba mata ƙwallaye sittin, kowace da lambarta, kowace lamba da tambayarta. Tun daga lokacin, duk ɗalibin da ya zo jarrabawar baka a darasin ƙarfin ƙarfe da siminti, shi zai danna mata maɓalli da yatsansa. Sai ta yi ƙurrr, ƙurrr, ƙurrr, ta ɗan yi shiru kamar mai nazari, sannan ta ce tak, ƙwallo ta faɗo a faranti. Abin da ta ba ka, shi za ka tsaya gaban allo ka amsa. Wanda ya iya ya tafi da maki shida, mafi girma a tsarinmu, wanda ya sha da ƙyar ya tafi da uku, wanda bai sani ba ya karɓi biyu, wato ya faɗi, ya dawo maimaitawa a Satumba.

Ba ta san ɗan kowa ba. Uwaye sun sha watsa ruwa a bakin ƙofa don 'ya'yansu su fita da sa'a, an sha shigowa da cakulan da kwalbar barasar gargajiya wai kakan yaro ne ya aiko a gaishe ni, amma Goggo ba ta ci, ba ta sha, ba ta shinshinar fure. Ba ta taɓa tambayata kalmar sirri ba. Ba ta taɓa tsayawa ana tsakiyar aiki ta ce sai an sabunta ta ba, balle ta fake da cewa sabis ya ɗauke. Wuta kaɗai take buƙata, in aka ɗauke kuma tana da mariƙi a gefe, a juya da hannu. Ɗalibai sun zage ta da duk zagin da ke cikin yarenmu, amma ban taɓa jin wanda ya ce ta cuce shi ba.

Ciwon ajalinta ba daga jikinta ya taso ba. Lokacin da na kama aiki, har kan taga ɗalibai suke zama. Yanzu yaranmu suna ajiye biron sakandare suke hawa bas zuwa Jamus da Holand, bana sha tara muka ɗauka, kujeru sun fi mutane yawa. Kowane ɗalibi ya zama ƙwai a cokali. Ana haka mataimakin shugaban tsangaya, Dakta Lazar Gochev, wanda ni na koyar da shi tun gashin kansa yana nan, ya shigo ofishina.

"Farfesa, don Allah ki sassauta. Duk biyun da kika rubuta, yaro guda ne ya tattara ya koma inda ba a faɗuwa. In suka ƙare wa za ki koyar? Tantabarun rufi?"

"Lazar, gada ba ta san yawan ɗalibanmu ba. Nauyin tirela ta sani."

"Ai ga manhaja an sayo mana. Yaro ya zaɓi amsa a wayarsa, ita ta ba da maki. In aji ya yi ƙasa, ta ɗaga kowa."

"Madalla. In gadar ta faɗi sai ta zo ta ɗaga ita ma."

Ban ce ƙarya yake ba. Tsoron a rufe sashen yana hana ni barci kamar yadda yake hana shi. Amma ni da jikokina a kan gadojin yaran nan za mu bi, shi ma haka, sai dai in ya koyi tashi sama.

A watan jiya na kwanta asibiti aka cire mini yanar ido. Ranar Talata na dawo da idona tangaran, na tarar da ɗalibai a layi, na jona Goggo. Daga dannawar farko na ji muryarta ta sauya. Babu ƙurrr ɗin nan mai nauyi, sai wani ƙwal, ƙwal, ƙwal kamar tsakuwa a gwangwani, jikinta na kakkarwa. Na uku a layi shi ne Kamen Radulov, wanda ya saba da Satumba fiye da kowa a tsangayar nan. Yana dannawa ta hau rawa, ta taka ta bi tsawon tebur, kafin in miƙa hannu ta yi tsalle ta faɗi ƙasa. Ta ce gif, ta yi hayaƙi kaɗan, shi ke nan.

"Farfesa, na rantse dannawa kawai na yi!" in ji Kamen. Sai ya durƙusa a kanta, ƙaton mutum, ido ya kawo ruwa. "Shegiyar tsohuwa! Sau uku kina kayar da ni. Yau da na karance komai, har masu wuyar, shi ne za ki mutu?"

Binciken gawa, wanda na yi da sukudireba a gaban ajin, ya nuna fiye da rabin ƙwallayenta babu su. An bi an tsince duk masu tambayoyi masu wuya, an bar mata irin waɗanda ko mai sayar da siminti zai amsa. Duk wanda ya taɓa jefa safa biyu kacal a injin wanki ya san ganga in ba ta da kaya rawa take yi. Wanda ya yi wannan aikin injiniya ne, da takardarsa a bango, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Marigayiya ta bar ƙwallaye sittin. Waɗanda aka raba da ita an same su cikin kwalin takalmi a ofishin Dakta Gochev, na shiga na ɗauko su ba tare da ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ta bar faranti ɗaya mai tabon faɗuwar ƙwallaye a tsakiya. Ta bar injiniyoyi ba adadi, yawancinsu suna gina wa wasu ƙasashe gadojin da ba sa faɗuwa. Ta kuma bar magajiya, wato manhajar nan, wadda aka ce ta aiko da ta'aziyya amma saƙon yana nan yana juyawa bai tafi ba.

Dakta Gochev ya zo gaisuwa da kansa, kuma na yaba masa. Ya tsaya kansa a sunkuye.

"Allah ya ba da haƙuri, Farfesa. Ban yi nufin ta mutu ba. Amma tunda ta tafi, a bar ta ta tafi da biyunta. Shekarunki na fansho sun wuce, alfarma ake miki. An ce in gaya miki, ranar da kika sake rubuta biyu, ranar za ki bar ofishin nan."

"Na ji, Lazar. Ka zo jana'iza, akwai sadakar alkama."

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da safe a aji na sha huɗu, ranar da aka ɗage jarrabawar zuwa gare ta. Za a raba dafaffiyar alkama da zuma. Mai kawo fure ya kawo bibbiyu kamar yadda ake wa mamaci, ya kuma sani ba zai ƙara masa maki ba. Wayoyi a bar su cikin kwando a bakin ƙofa, don girmama wadda ta rasu. Daga nan za a wuce da gawar ƙauyenmu, inda za a dasa ta a bayan gida a riƙa hura wuta a cikinta lokacin kaka. Wadda ta daɗe tana gasa wa ɗalibai aya a hannu, gasa tattasai ba zai ba ta wuya ba.

Kafin a ɗauke ta, za a zuba ƙwallayen duka sittin cikin tukunyar ƙasa da nake dafa wake a ciki. Kowane ɗalibi cikin masu makoki zai rufe ido ya sa hannu ya ɗauki ɗaya, ya tsaya gaban allo ya faɗi abin da ya sani, Kamen ne farko. Wanda ya iya zai tafi da shida. Wanda bai sani ba zai karɓi biyu. Kada kowa ya wahalar da kansa nemo mini kwalaye, tun jiya na kwashe littattafaina na kai gida. Biro kaɗai na bari a kan tebur.

Mai makoki,
Velichka Tasheva