Rasuwar A-kori-kurata a Hannun Maikuɗi Mai Wayarin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yau bai huce ba, ni Talatu mai man gyaɗa ta Gafasa nake sanar da rasuwar a-kori-kurata, Mai Haƙuri, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi a hanyar Gaya, da jarkokin mai a bayanta.

Marigayiya gadon mijina ce. Shekara goma sha bakwai tana kai mana kaya kasuwa, rani da damina, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Da safe takan yi tari, "ƙiƙi-ƙiƙi-ƙiƙi," sannan ta ce "buuum," duk unguwa a san Talatu ta fita nema. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauko taki, ta kai kayan jere. Ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, amma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Jinyarta gajera ce. Wata jar fitila mai hoton batir ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi ɗaukewa. Ɗana Zubair, direbanta, ya ce altaneta ce, wato injin da ke cika batir, ta daina caji. Muka kai ta wurin Maikuɗi mai wayarin a Gaya, ina zaune a benci ina kallo. Na zaci zai ɗauko na'urar awon nan da masu gyara suke dangwalawa a kan batir. Ina! Mota tana aiki ya fizge kan batir, da ba ta mutu ba ya ce lafiyarta lau. Ya goga waya a jikin ƙarfe, tartsatsi ya tashi, ya gyaɗa kai kamar likita. Fis ɗin da ya ƙone kuwa, wato ɗan abin nan da ke kare wayoyi daga kama wuta, da wayar shanya ya ɗaure shi. Sannan ya zura hannu ya ciro ƙwan jar fitilar, ya miƙo mini. Wai ciwo ya warke tunda fitila ta daina kamawa.

Ban yi boko ba, amma na yi jinyar mutane. Ban taɓa ganin an toshe wa majinyaci baki an ce ya samu sauƙi ba.

Kwana uku tsakani, hayaƙi ya turnuƙe gaban mota, warin roba ya shaƙe mu. Wayoyin suka narke har cikin altaneta. Da yashi muka kashe wutar. Kalmarta ta ƙarshe "tak... tak" ce, daga nan shiru.

Ta bar ni, ta bar Zubair da iyalinsa ba abin yi, da mata shida masu soya mini gyaɗa, da taya huɗu masu sauran rai, da jak. Maikuɗi, da aka kai masa labari, ya ce kwananta ne ya ƙare.

Za a yi jana'iza ranar kasuwar Gaya da hantsi. Shanun Kawu Ja'afar, da suka dawo mana da ita gida, su ne za su jawo gawa daga Gafasa. Ba za a binne ta ba. Za a kwantar da ita a ƙofar shagon Maikuɗi, a gicciye, yadda ko keke ba zai shiga ba. Nan zan zauna in karɓi gaisuwa, uku, bakwai, har arba'in, sai ya sa sabuwar altaneta da sababbin wayoyi, ta ce "buuum" a kunnena. Duk mai motar da ya zo gyara, zan kwance bakin zanena in nuna masa ƙwan fitilar.

Masu ta'aziyya su taho da tabarminsu. Benci ɗaya ne a shagon, kuma ni ce a kai.