Rasuwar Amale, Raƙumin Ulu, da Abin da Aka Tarar a Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma faɗuwar gaba ba kaɗan ba, Malama Haulatu mai saƙar kwarashi, ta unguwar bayan Kusugu a birnin Daura, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da ɗalibanta na da da na yanzu rasuwar raƙuminta na ulu, Amale, wanda ya cika ranar Talata bayan la'asar, a bakin akuya, yana da shekara goma sha takwas a duniya. Tana roƙon duk wanda ya fara karanta wannan sanarwa ya daure ya kai ƙarshenta, musamman maigidanta Malam Sama'ila, wanda ta fi so ya karanta a zaune.

An haifi marigayin a daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a jihar nan, daga curi huɗu na ulu ruwan ƙasa da aka sayo a kasuwar Mai'adua. Shi ne abin wasan yara na farko da Malama ta tsara da kanta, ba ta kwaikwayi na kowa ba. Da ƙulli shida ta fara shi daga hanci, tana ƙari tana ragi, tana warwarewa tana tsaki, har wuya ya fito. A lokacin gari ya ɗauka da muhawarar surar abu mai rai, sai Malam Sama'ila, mutum mai tsantseni, ya yanke hukuncin cikin gida cewa a yi raƙumi amma ban da idanu. Haka marigayin ya rayu bai taɓa ganin komai ba, kuma bai taɓa tona asirin kowa ba.

Wannan hali nasa na biyu shi ne abin da ya kamata a yi bayani a kai. Ranar da ake cusa masa ciki, audugar rimi ta ƙare daidai wurin tozo. Malama ta waiga ta ga wani tulin tsumma jage-jage da taɓo a bayan ƙofa, ta ɗauraye shi, ta sa almakashi ta yanka shi siri-siri, ta cusa. Tozo ya tsaya ƙyam, abin sha'awa. Sai bayan kwana uku, da ta ji Malam yana birkita ɗaki, ta gane cewa tsumman nan farin rawaninsa ne na zuwa taro, wanda ruwan sama ya yi wa duka a kan babur a hanyar Baure, ya ajiye don a kai wanki. Malam ya rantse rawanin ya bi ƙunshin wanki zuwa shagon Kabo mai wanki da guga, amininsa tun suna makarantar allo. Kabo ya rantse bai gan shi ba. Magana ta yi tsami a gaban mutane, aka faɗi kalmar da ba a faɗa wa mai sana'a. Malama ta yi niyyar magana a daren, sai ta ce bari ya huce zuwa gobe. Goben ce ba ta zo ba har shekara goma sha takwas. Malam da Kabo suna salla a sahu ɗaya, sallama kawai ke haɗa su, kayan Malam kuwa wata unguwa ake kai su suna dawowa da karin guga biyu a hannun riga.

Don haka masu cewa ba su taɓa ganin soyayya irin wadda Malama take yi wa raƙumin nan ba, sun yi gaskiya, sai dai rabin soyayyar tsoro ne. An taya shi ta ƙi sayarwa. Jikoki sun yi birgima a kansa ta hana. Ko ɗiyarta Murja da za ta tare, ta nemi a sa mata shi cikin kayan ɗaki, aka saƙa mata wani sabo aka ce wannan tsoho ne ba ya son tafiya.

Marigayin malami ne, ko da yake bai taɓa buɗe baki ba. Malama ba ta rubuta tsarin saƙa a takarda. A jikinsa ake karantawa. Ɗaliba za ta zauna ta ƙirga zagayen wuyansa da tsinin kwarashi, ta ga inda aka ƙara da inda aka rage, ta ga jan zaren da aka maƙala don kada farkon zagaye ya ɓace. Daga gare shi matan Daura suka koyi cewa ido da zare ake yi, in har za a yi, ba da maɓalli ba, don yaro bai san bambancin maɓalli da alewa ba. Daga gare shi suka koyi cewa ƙafafu huɗu a zama ɗaya ake saƙa su, domin hannu yana bin zuciya: ƙafarsa ta hagu ta baya an saƙa ta ranar da Malama ta yi cacar baki da mai kalanzir, ta fito a tsuke, gajera, shi ya sa ya rayu a karkace kamar mai sauraren gulma. Ɗalibai masu biyayya sun kwafi ƙafar yadda take. Yau duk raƙumin ulu da aka gani a karkace daga nan har tsallaken iyaka, jininsa ne.

Babban darasin kuwa, wanda Malama take maimaitawa har ɗalibai suna kwaikwayon muryarta a bayan idonta, shi ne a ɗauki kwarashi ƙarami fiye da yadda ulu ya nema, a matse saƙa tam, kada a bar ƙofar da abin ciki zai leƙo. Mardiyya da Khairat, manyan ɗalibanta, sun ɗauka ƙwarewa ce zalla. Yanzu sun san sauran dalilin.

Za a yi kewar muryarsa. A ƙirjinsa akwai ɗan gwangwanin man zafi da tsakuwa biyar, in an girgiza shi sai ya ce kacau-kacau a hankali, kamar mai neman izinin shiga. In ya faɗo daga kan kabad kuwa, kwacam ɗaya yake yi ya yi shiru. Duk lokacin da aka ambaci rawani a gidan, Malama tana ji kamar ya ce kacau, ko da babu wanda ya taɓa shi.

Jinyarsa ta daɗe. Asu ne ya fara kama shi a ciki shekara uku da suka wuce. An yi masa faci da ulu mai kama da nasa, an sa masa kafur, an ba shi hutu daga koyarwa. A bana tozo ya fara saki, wani farin abu yana leƙowa, Malama tana mayar da shi da yatsa tana kallon ƙofa. Ranar Talata ta fitar da shi ya sha rana a kan turmi, ta shiga duba tukunya. Akuyar da ta shigo, cikin duk awakin da Allah ya yi a Daura, ta Kabo ce. Ta cafki marigayin a wutsiya ta yi waje da shi ta zaure, zare yana warwarewa a bayanta, hanjinsa fari tas yana zuba a kan hanya tsiri-tsiri har ƙofar shagon ubangidanta. Kacau-kacau ɗinsa na ƙarshe a kwata aka ji shi.

Kabo ya tsince tsummokaran ɗaya bayan ɗaya. A gefen wani ya ga ɗigo uku na baƙar tawada, alamar da yake sa wa kayan gidan Malam Sama'ila tun kafin a haifi Murja. Waɗanda suke wurin sun ce ya daɗe yana kallonta. Bai yi shela ba, bai je majalisa ba. Ya naɗe gawar a tsohuwar jarida ya aiko wa Malama, tare da saƙon cewa yana yi mata ta'aziyya, kayan cikin kuma suna wurinsa. Malama ta ce da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta yi kuka a madafa, kukan kunyar mutumin da aka kira ɓarawo shekara goma sha takwas saboda tozon raƙumi, ita tana ji tana gani.

Marigayin ya bar 'ya'ya da jikoki sama da ɗari uku a Daura da Mai'adua da Baure, dukkansu karkatattu. Ya bar ƙani guda, wani zomo da kowa ke kira jaki, da kwarashin da ya haife shi, wanda tsufa ya lanƙwasa. Ya kuma bar uwar ɗakinsa, wadda ba ta ci abincin kirki ba tun Talata.

Game da jana'iza, an tambayi masana sun ce babu wanka babu salla. Za a warware abin da akuya ta rage gobe Alhamis da hantsi a gaban ɗalibai, Mardiyya tana ƙirga Khairat tana rubutawa, don a karon farko tsarinsa ya shiga takarda, da ƙafafu huɗu daidai wa daida. Malama Haulatu za ta karɓi gaisuwa a gidan yayarta a Baure, har sai ta ji yadda iska ke kaɗawa a gida. Abincin kwana uku yana cikin kula, maigida ya duba ƙarƙashin tebur.

Rawani kuwa an same shi. Tsiri arba'in da bakwai ne, Kabo ya wanke su, ya sa bula da sitaci, ya goge kowanne da dutsen guga, ya jera su a leda. Ya ce a faɗa wa Malam Sama'ila aikin ya yi jinkiri, amma shi bai taɓa ɓatar da kayan kowa ba. Ya ce kada a aiko kowa. Mai kaya ya zo da ƙafarsa ya karɓa, bencin da suke zama yana nan a ƙofar shago.