Haƙarƙarin Bebi

Babbar Sallata ta farko a Greensboro, can ƙasar Turawa, ba ko mai ce mini barka. Na sayo haƙarƙari a wani kanti a titin Wendover. Na ga "bebi" a jikin ledar, na ce ɗan rago ne. Ni jikan mahauta, wa zai koya mini nama? Na gasa shi da haɗin tumatir, dabino da yaji, na gayyato maƙwabcina Alhaji Isuhu.

Ya shinshina, ya zaro ledar daga shara.

"Malam, ai bebin alade ne."

Na zubar har da tiren, na yi Sallah da shayi ni kaɗai. Shekara shida ke nan, har a masallaci Malam Bebi ake kirana. Ko ba komai, yanzu ana kirana.