Masarar da na ce ban san mai ita ba

Ko shekara nawa zan ƙara a duniya, ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya gaban gonata na ce ban san mai ita ba.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Maraɗi, kuma a unguwarmu ta Zariya ba mai kirana da sunana, kowa Mushe yake cewa, wato malam da Faransanci. Bayan gidanmu akwai filin wana da ke aiki Yamai, ya kewaye shi da rabin katanga ya bar shi, sai ledoji da awaki. Da damina ta faɗi na ga ƙasa tana zaune banza alhali kuɗin tiyar masara a kasuwa sai hawa yake yi, na ɗauki hauya na shuke shi. Maƙwabciyarmu Iya Hawwa, wata tsohuwa 'yar Tibiri da ke riƙon jikokinta, ta roƙe ni gefe guda, na ba ta, ta zuba kuɓewa da yakuwa.

Ba zan ce ban ji sanarwa ba. An faɗa a rediyo, mai unguwa ya maimaita bayan sallar Juma'a: kada a shuka hatsi ko dawa ko masara cikin gari, saboda sauro da macizai da ɓarayin da ke samun maɓoya. An yarda da abin da ba ya tsawo. Na ji, har na gyaɗa kai a masallaci (da ƙarfi ma, don a gani), sannan na koma gida na yi wa masarata noma na biyu. A raina doka ta mutanen bakin kwalta ce, wa zai shigo lungunmu?

Tsakiyar damina, muna cikin babban hutu, masara ta wuce kaina, ta yi goyo gwanin sha'awa. Ina tsakiyarta wata safiya da yagaggen wando sai na ji mota ta tsaya, na ji muryar mai unguwa yana cewa ga filin nan. Na leƙa ta tsakanin kara na hango mutum biyu na ma'aikatar tsabtar gari, mace da namiji, macen da littafi a hannu.

Abin da mai hankali zai yi shi ne ya fito ya yi sallama. Ni kuwa na duƙa, na bi ta inda katanga ta rushe, na faɗa gida ta baya. Na wanke hannu, na zura farar shaddata ta zuwa suna, na ɗauki tabarau da wata tsohuwar jarida (har yau ban san me jaridar za ta yi mini ba), na zagayo ta ƙofar gaba ina tafiya a hankali kamar wanda ya fito shan iska. Matata ta bi ni da ido.

Macen ce ta fara rusunawa ta gaishe ni. Ashe Rakiya ce, yarinyar da na koyar a aji shida, mai zama layin gaba. Ta girma ta zama ma'aikaciya. Bayan gaisuwa ta tambaye ni cikin ladabi ko na san mai gonar. Na dubi masarar nan da na shuka da hannuna, na taɓe baki, na ce ina jin ta wani baƙauye ce da ke zuwa daga wajen Jiratawa. Ban tsaya nan ba. Na juya harshe zuwa Faransanci na yi ɗan jawabi kan mutanen da ba su girmama doka. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana jan casbi.

Sai ga Iya Hawwa ta fito daga cikin kuɓewarta da 'yar ƙwarya. Namijin ya ce to ga wadda ke aiki a filin, ita za ta faɗa. Suka tambaye ta. Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce ita dai kuɓewa take tsinka. Ma'aikacin ya ce tunda ita suka tarar a ciki, da sunanta za a rubuta takardar sammaci, ta je ofis ta yi bayani. Tsohuwar nan ba ta yi musu ba, ta fara faɗin sunanta da na mahaifinta. Ni kuma ina tsaye da jarida a hammata. Na san ya kamata in yi magana, amma ina ta lissafin yadda zan fito daga ƙaryar ba tare da girmana ya faɗi ba.

Rakiya ba ta rubuta komai ba. Ta rufe littafin ta matso kusa da ni, ta rage murya, amma ba yadda sauran ba za su ji ba.

"Mushe, gafarta mini. Furen masara ya cika maka kai, ka karkaɗe."

Na shafa kaina, ashe ko hula ban sa ba, garin fure ya zubo kan farar shadda. Na dubi ƙafafuna, takalman roba ne na gona, laka har idon sawu, ga sawuna a jere tun daga ƙofar gida. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, da Hausa wannan karon, gonar tawa ce, Iya ba ruwanta. Daga baya na ji ashe tun a mota mai unguwa ya gaya musu ni ne mai gonar.

Rakiya ta bayyana mini cewa yara da yawa a layinmu sun kwanta da zazzaɓi, maƙwabta ne suka kai kuka. Ta ce kuɓewar Iya da yakuwarta ba su cikin abin da aka hana, masara kuwa ta ba ni mako guda in sare da kaina. Na sare. Wadda ta nuna muka gasa muka rarraba, sauran ta zama rabon awaki. Ina saran ina jin zafi, don dokar tana da gaskiyarta, tukunyar gidana ma tana da tata, kuma har yau ban san yadda za a daidaita su ba.

Da yamma na je na durƙusa gaban Iya na ba ta haƙuri. Na tambaye ta me ya hana ta faɗin gaskiya.

"Ɗan nan, kai ka ba ni wurin," in ji ta. "Kuma ɗiyarka da ka koyar ce ke tambaya. Ina zan tona ka gabanta?"

Na daɗe ina juya maganar. Da na bincika zuciyata na gane ba sammacin ne ya sa ni gudu ba. Kunyar a ga Mushe da yagaggen wando da hauya ce, alhali ubana da hauyar ya ciyar da ni har na kai ga riƙe alli. Na ɓoye abin da ba na kunya ba, na fito da abin kunyar fili sanye da farar shadda.

Yanzu gyaɗa nake shukawa a filin. Ba ta wuce gwiwa, doka ta yarda da ita, kuma na lura tana da wani amfani ga mutum irina: ko mota ta tsaya, babu inda zan ɓuya.