Yadda Za Ka Burge Surukinka da Jarka Goma Sha Biyu ta Kulorin

Ɗan'uwa, idan ka daɗe kana gaida surukinka yana amsa maka da hanci, yau kakarka ta yanke saƙa. Matakai bakwai ne a nan, kuma na yi maka alkawari, in ka bi su daki-daki, kafin wata ya mutu ba za a sake zaman hira a gidan surukanka ba tare da an ambace ka ba. Ba daga kaina na ƙago su ba. Maƙwabcina ne ya gwada su a kan idona, wani mai koyar da tuƙin mota da ƙannen matarsa suka laƙaba wa Sarkin Araha, saboda ko allura zai saya sai ya taya a shago uku.

Mataki na 1: Nemi suruki mai tafkin ninkaya

Wannan ne mai wuya, shi ya sa na fara da shi. In naka ba shi da tafki, karanta sauran don nishaɗi.

Surukin Sarkin Araha tsohon injiniya ne. An yi masa aiki a gwiwa, likita ta ce ko dai ya riƙa motsa ƙafar cikin ruwa kullum, ko ya ƙulla abota da sanda har ƙarshen rayuwarsa. Sai 'ya'yansa suka gina masa ɗan tafki a bayan gida, tsakanin bishiyar lemo da ɗakin janareta. Mijin ƙaramar 'yarsa, likitan haƙori, ya sayo injin tace ruwa da tsani mai sheƙi. Sarkin Araha, mijin babbar, ya kawo tawul biyu. An yi masa godiya, amma irin wadda ake yi wa wanda ya kawo tawul biyu. Abin ya tsaya masa a rai kamar ƙaya a maƙogwaro.

Mataki na 2: Fara magana, sani zai biyo baya

Wata Asabar ana zaune a falo, surukarsa ta yi ƙorafin tsadar ƙwayoyin kulorin, sinadarin nan da ake jefa wa ruwa don kada ya yi gansakuka. Sarkin Araha ya gyara murya.

"Ai cutarku ake yi, Mama. Na ruwa, wanda ake sayarwa a jarka, ya fi araha nesa ba kusa ba. Baba, a bar mini aikin nan."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau, ya ce, "To, Allah ya taimaka."

A mota, da suka wuce fitilar hanya ta biyu, matarsa ta ce, "Maigida, tun yaushe ka san kulorin?"

"Daga gobe," in ji shi.

Ka lura da wannan amsa. Haka manyan masana suke farawa.

Mataki na 3: Kwatanta farashi, amma da kunne ɗaya

Je shago uku, riƙe da biro da takarda don a san ba wasa ya kawo ka ba.

A shago na biyu ya tarar da wata mata mai haƙurin bayani. Ta jera masa kaya a kan teburin shagon, ta ce, "Malam, ƙwaya ta fi tsada, amma tana da ƙarfi kuma tana jure ajiya. Na hoda tsaka-tsaki ne. Na ruwa ya fi araha, yana aiki nan take, sai dai yawancin abin da kake ɗauka ruwa ne, kuma ba ya son rana, ba ya son daɗewa. Ka duba ƙarfin da aka rubuta a jikin jarka da ranar da aka cika ta. Ka riƙa saye kaɗan-kaɗan. Ga kuma takardar gwaji, ka tsoma ta a tafkin, launinta zai gaya maka gaskiya."

Cikin wannan dogon jawabi, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Sarkin Araha, kuma ka san ta.

A shago na uku, wani mai kwashe sito ya ba shi jarka goma sha biyu a kuɗin bakwai. Rubutun jikinsu ya koɗe, ba a iya karanta komai. Kada wannan ya dame ka. Da rubutun yana da muhimmanci, ai da bai koɗe ba.

Mataki na 4: Ajiye kaya inda kowa zai gani

Alherin da aka ɓoye a sito, wa zai yaba? Sarkin Araha ya yi sawu uku da motar koyar da tuƙi, bayansa ya riƙe, kafet ɗin but ya yi dabbare-dabbaren fari. Ya jera jarkokin a jikin katangar da rana ke duka tun hantsi har la'asar, daidai inda likitan haƙori ke ajiye motarsa.

Makon farko ruwa ya yi garau. Tsohon ya fito yana goge fuska, ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Kalma uku. Sarkin Araha ya maimaita wa matarsa su har sai da ta ce za ta rubuta masa a bango.

Mataki na 5: In ruwa ya canja launi, nemi mai laifi

A mako na uku ruwan ya fara yin hazo. Sarkin Araha ya ƙara awo. Ruwan ya koma kalar ganye. Ya ninka awon. Rana ta riga ta shanye ɗan ƙarfin da ya rage a jarkokin, ruwa kawai yake ƙara wa ruwa.

A nan ake gane gwani. Ya ce bishiyar lemo ce. Da aka sassabe rassanta, ya ce injin tacewa ne, irin na masu sayen kaya don sheƙi. Da kwaɗo ya tare a kan tsani yana kuka da rana tsaka, ya ce alama ce ta ruwa mai lafiya.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji surukarsa, ta koma ciki.

Kwana tara tsohon bai shiga ruwa ba. A rana ta goma, Sarkin Araha yana tsugune a bakin tafkin, ya hango shi ta tagar falo yana ƙoƙarin tashi daga kujera. Sau biyu yana yunƙurawa yana komawa. Sannan ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko sandar da ya rantse ya rabu da ita.  Sarkin Araha ya ajiye bokiti, ya shiga mota ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Mataki na 6: Gyara kuskure ninki uku

Ya koma wurin matar nan mai haƙuri. Ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba, wanda ya fi a faɗa ciwo. Ta ba shi sababbin jarka biyu masu ƙarfi, ta rubuta masa awo, ta ce ya zuba, ya bar injin ya kwana yana aiki, ya gwada, kuma kada kowa ya shiga sai launin takardar ya sauko.

Ya sayi takardar gwajin, ya manta ta a aljihun ƙofar mota. Awon kuwa ya ga ya yi kaɗan ga mutumin da ya saba tuttula rabin jarka. Ya juye duka biyun.

Kwana biyu ruwan ya dawo kamar gilashi. Washegari da safe yana tsakiyar koya wa wata ɗaliba yin ribas, waya ta yi ƙara. Surukarsa ce.

"Ka zo yanzu," ta ce, ta kashe.

Mataki na 7: Tsaya ka karɓi yabonka

Ya tarar da falo cike. Tsohon na zaune a tsakiya, fitowarsa daga tafki ke nan, idanunsa jajir, riƙe da madubi. Gemunsa, wanda har mai shi ya kai shekara saba'in da biyu yana baƙi wuluk, dangi kuma suka haɗa baki suna cewa baiwa ce, ya koma kalar tsatsa, tushensa fari fat. Likitan haƙori ya juya wa jama'a baya, kafaɗunsa na rawa.

Sarkin Araha ya durƙusa. "Baba, a gafarce ni. Ban san komai game da kulorin ba. So na yi a ce ni ma na yi wani abu."

"Na sani," in ji tsohon. "Tun ranar da ka jera jarkoki a rana na sani."

"To me ya sa ba ku hana ni ba, Baba?"

"Shekara tara kana zuwa gidan nan wata-wata, ka gaishe ni kana kallon takalminka, ka tafi. Da jarkokin nan suka zo, kullum sai na gan ka. Na ce bari in ga iya gudun ruwanka. Gwiwata ce dai ta biya kuɗin kallon."

Surukarsa ta karɓi madubin, ta kama haɓar mijinta ta juya ta dama da hagu. "Shekara goma sha biyar ina roƙon a daina shafa baƙin nan, an ƙi ji. A bar shi fari. Yau ka yi kama da kakan jikokinka."

Tsohon ya shafa gemun, ya yi dariyar da ta sa kowa ya saki tasa. Sannan ya yanke hukunci: jarka ɗaya sabuwa duk mako biyu, a ajiye ta a inuwa, a gwada ruwa kowace safiya. "Kuma kafin in sa ƙafata, kai za ka fara shiga."

"Baba, ban iya ruwa ba."

"To ka samu malami. Gobe ka zo da gajeren wando."

Yanzu wata biyar ke nan. Sanda ta koma bayan ƙofa, Sarkin Araha kuma yana iya ƙetare tafkin ta gajeren gefe, in tsohon na riƙe da haɓarsa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya zare hannunsa daga duk abin da ya biyo baya: ciwon baya, kafet, kwaɗi, jan ido, da zaman lafiyar gidanka. Kada ka haɗa kulorin da wani sinadari, kada ka kira ni shaida, kuma ba kowane suruki ne ke dariya ba. In ka ga gemun naka surukin ya canja launi, maza ka shafa wa naka ruwa, amma ba na tafkin ba.